Me ya sa ɗanyen fure yake yaushi bayan an yanko shi, kuma yaya za a ja kwanansa a Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar ƙawata wurin biki a nan Zariya. Nakan sa a kawo mini ɗanyen fure, yawanci wardi da kaneshan da lili, ranar Alhamis don bikin Asabar. Da sun iso nake tsoma su a ruwa, amma kafin wayewar garin Asabar wardin ya sunkuyar da kai, kaneshan kuma ya tsuke. An ce in jefa ƙwayar maganin ciwon kai ko in zuba sukari, na gwada ban ga bambanci ba. Me ke kashe su, kuma me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a. Abubuwa biyu kika kawo, kuma kowanne da nasa dalili. Wardin da ya sunkuyar da kai ƙishirwa ce ta kama shi, ko da kuwa yana tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa. Kaneshan da ya tsuke kuwa tsufa ne ya zo masa da wuri. Ƙishirwa tana da magani idan an farga da sauri. Tsufa in ya kama ba ya saki, sai dai a jinkirta zuwansa. Duk mai harkar fure da ta iya rarrabe waɗannan biyun da ido, ta rage asara mai yawa.

Furen da aka yanko yana nan da ransa. Yana numfashi, yana ƙona abincin da ya tara, yana fitar da ruwa ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikin koren ganyensa, waɗanda ido ba ya gani. Abin da ya rasa shi ne saiwar da take janyo masa ruwa, da kuma yawancin ganyen da ke haɗa masa abinci da hasken rana. Saboda haka tun daga lokacin da wuƙa ta taɓa shi, guzurinsa yake ci.

Mu fara da ruwa, don nan ne yawancin ɓarnar take a garinmu. A cikin karan fure akwai siraran hanyoyi birjik, kamar zaruruwan da kike gani idan kin tsaga rake. Ruwa yana hawa cikinsu ne saboda ganye yana ta fitar da shi ta sama, wannan fitarwar kuma tana janyo na ƙasa, zaren ruwan bai yanke ba tun daga gindi har kan furen. Da an yanke karan a sarari, jan nan bai tsaya ba, sai ya zuƙo iska a madadin ruwa. Masu noman rani a bakin kogin Galma sun san wannan sarai: idan tiyo ya sha iska, inji yana ta ƙugi amma ruwa ba ya hawa. Haka karan wardin da ya kwana a kwali daga Jos ko Abuja yake isowa, santimita biyu ko uku na gindinsa cike da iska, bakin yankan kuma ya bushe. In kin tsoma shi a haka, ya shiga ruwa amma bai sha ba.

Toshewa ta biyu ta fi wannan muni, domin ita a hankali take zuwa. Ƙwayoyin bakteriya ne. Suna kan karan, suna kan ganye, suna jikin bokitin da ba a wanke ba. Yankan yana tsiyayar da ɗan ruwan jikin furen, wanda abinci ne gare su, ruwan bokitin kuma da ɗumi, sai su yi ta hayayyafa har su like bakin hanyoyin nan da wani yauƙi. Ki taɓa gindin karan da ya kwana biyu cikin ruwa ɗaya, za ki ji santsi. Ki shinshina ruwan, za ki ji ya fara ɗoyi. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin ido ya ga ruwan ya gurɓace, toshewar ta riga ta yi nisa.

Dalilin da wardi ya fi kowa nuna alamar shi ne wuyansa. Ɗan wurin nan da ke ƙarƙashin kan furen shi ne mafi ƙuruciya a duk karan, bai yi itace ba tukuna, ruwan da ke cike a cikinsa ne kawai yake riƙe da shi a miƙe. Ganye kuma ya fi shi ƙarfin jan ruwa. Da ruwa ya yi ƙaranci, wuyan ne yake fara saki, kan ya faɗo. Wardin da aka yanko tun yana ɗanyen toho sosai ya fi saurin yin haka, don wuyansa bai gama ƙwari ba. Jabera, furen nan mai kama da ƙaramin furen rana, ma haka take yi, karanta ne yake lanƙwashewa.

Ga yadda za ki karɓi kaya. Tun kafin motar ta iso, ki wanke bokitan roba da sabulu, ki ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa bilic, irin su Hypo ko Jik. Bokitin ƙarfe bai dace ba, domin tsamin lemun da za ki zuba a ruwan yana cin sa. Ki zare duk ganyen da zai nutse a ruwa, wato na rabin karan na ƙasa, amma kada ki kankare ƙayar wardi har ki ji wa bawon rauni, kowane rauni ƙofa ce. Sai ki datse santimita 3 zuwa 5 daga gindi da wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, a karkace. Almakashin da ya dakushe murƙushe hanyoyin yake yi. In da hali, ki yi yankan a cikin roba mai tsabtataccen ruwa. In babu, ki yanka ki tsoma nan take, kada ki tara su a tebur sai kin gama duka. Ruwan farko ya kasance mai ɗan ɗumi, kamar digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, wato ɗumin da za a yi wa jariri wanka da shi ko ya ɗara kaɗan, domin ya fi saurin hawa. Ki bar su a inuwa mai sanyi aƙalla awa huɗu, in ya yiwu su kwana, kafin ki fara haɗa su.

Batun sukari da kika gwada, ba a yi miki ƙarya ba, rabin magana aka faɗa miki. Sukari kaɗai a ruwan ɗumi bakteriya yake ciyarwa kafin ya kai ga furen. Abubuwa uku ake haɗawa. A kowace lita ɗaya ta ruwa, ki zuba sukari giram 10 zuwa 15, wato kamar cokalin cin abinci ɗaya a shafe. Ruwan lemun tsami tatacce cokali biyu. Sai bilic kwata zuwa rabin ƙaramin cokalin shayi. Sukarin abinci ne, shi ke sa toho ya buɗe sosai kuma launi ya fito. Tsamin yana sa ruwa ya hau da sauƙi, yana kuma rage wa bakteriya ƙarfi. Bilic ɗin shi ke kashe su. Ki kula da kyau a nan: kada ki taɓa haɗa bilic da lemun tsami su kaɗai a kofi, suna fitar da iska mai cutar da huhu. Ki fara cika bokitin da ruwa, ki zuba ɗaya ki juya, sannan ki zuba ɗayan, a wuri mai iska. Kuma kada a ce tunda yana da amfani bari a ƙara. Sukari in ya wuce giram 20 a lita yakan ƙona ganyen wardi da na furen kirisantimam, bilic in ya yi yawa yakan fara farar da karan ya lalata shi. Idan mai kawo miki kaya yana haɗowa da ɗan ƙullin garin abincin fure na kamfani, shi ya fi, ki bi awon da aka rubuta a jiki. Ƙwayar maganin ciwon kai kuwa, da kwabon da wasu ke jefawa, ki bar su, ba su kai wannan haɗin ba.

Irin ruwan ma yana da tasiri. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi ba ya hawa kara da kyau, yana kuma cinye tsamin da kika zuba, sai kin ɗan ƙara lemun. Ruwan jarkar 'yan garuwa da ba ki san yaushe aka wanke ta ba, bakteriyarsa a shirye take zuwa. Ga kaya masu tsada, ruwan leda ko ruwan sama mai tsabta ya fi araha a kan asarar fure. Littattafan ƙasashen sanyi sukan ce a sauya ruwa bayan kwana biyu ko uku. A Zariya, daga Maris zuwa Mayu, kullum za ki sauya, kuma bilic ɗin da kika zuba jiya ya riga ya tashi. Duk bayan kwana biyu ki sake datse santimita ɗaya ko biyu. Jabera ruwa kaɗan take so, kamar tsawon ɗan yatsa, domin karanta mai laushi ne yana saurin ruɓewa.

Wardin da ya riga ya sunkuya, idan ba a daɗe ba, yakan tashi. Ki datse santimita 5, ki naɗe kan da wuyan da takardar jarida yadda za su tsaya a miƙe, ki tsoma shi cikin ruwan ɗumi mai zurfi har kusa da wuyan, ki ajiye a wuri mai duhu da sanyi awa ɗaya ko biyu. Takardar tana da muhimmanci, domin a yadda yake lokacin da ya sha ruwan, a haka zai ƙage. In wuyan ya riga ya yanƙwane ya yi duhu, hanyoyin sun mutu, kada ki ɓata lokacinki. Ki cire kan ki yi amfani da shi a kwanon ruwa ko ki warware ganyen furen don watsawa.

Yanzu tsufa. Aikin fure a jikin shuka shi ne ya jawo ƙudan zuma da sauran ƙwari su kai masa garin fure, ya ƙulla iri. Da an gama wannan, shukar ba ta da sauran buƙatar launi da ƙamshi, sai ta fara kwashe abin amfanin da ke cikin ganyen furen tana mayarwa wurin iri. Tsari ne da Allah ya halicce shi da shi, kowane fure da nasa wa'adin. Furen kuɓewa yakan buɗe da safe ya rufe kafin yamma. Na auduga yakan fito fari-fari ko ruwan ƙwai, washegari ya koma ja-ja, ya faɗi. Dangin zoɓo na ado ma yini ɗaya suke yi, komai gatan da aka yi musu. Wardi a wuri mai sanyi yakan kai mako ɗaya zuwa kwana goma, kaneshan da kirisantimam sukan kai mako biyu. A cikin ganyen furen da ya fara tsufa, fatar ƙwayoyin halittarsa takan fara yoyo, ba ta iya riƙe ruwa, shi ya sa wannan yaushin ba ya jin ban ruwa. Jan wardi yakan rine ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan hanta, domin tsamin da ke cikin ƙwayoyin ya ragu, launin kuma da shi yake tafiya. In kin ga wannan rinin a kayan da aka kawo miki, sun daɗe a ajiye kafin su iso gare ki.

Abin da ke ba da umurnin tsufa a furanni da yawa wata iska ce da ake kira etilin, wadda shuka da kanta take fitarwa. A 1901 wani masani ɗan Rasha, Dimitri Neljubow, ya gano cewa ita ce ke cikin iskar gas ɗin fitilun wancan zamani da take karkatar da tsiron fis, wato koren waken Turawa. Ita ce ke nunar da ayaba da mangwaro da tumatir. Masu lulluɓe ayaba don ta nuna da wuri ita suke tarawa, ko ba su san sunanta ba. Kaɗan ƙwarai take buƙata, ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iskar ɗaki ya isa. Kaneshan yana cikin waɗanda suka fi jin ta: ganyen furen ya naɗe zuwa ciki, ya tsuke kamar mai barci, kuma ba ya sake buɗewa. Mafi muni, da ya shaƙe ta sai shi ma ya fara fitar da tasa, ya kama na kusa da shi. Okid da farin furen nan mai ƙanana kamar gero da ake cika haɗi da shi su ma haka suke. Wasu irin wardi da lili sukan zubar da toho ko su ƙi buɗewa. Kirisantimam da jabera da furen rana ba su cika damuwa da ita ba.

To daga ina take shigowa? Wannan tambayar nake so ki zagaya ɗakin ajiyarki da ita. Nunannun 'ya'yan itace, musamman in da kayan marmarin biki aka haɗa su wuri ɗaya. Hayaƙin janareta, da na mota da babur. Hayaƙin itace da gawayi daga madafi. Taba sigari. Ruɓaɓɓen ganye da mataccen furen da aka bari a gindin bokiti. Sai kuma wanda ba a cika kawowa a rai ba, turaren wuta. Duk abin da ake ƙonawa a garwashi yana fitar da etilin. Ɗakin amarya ko zauren da aka rufe aka turara sosai, in kaneshan yana ciki, zai iya tsukewa cikin dare ɗaya. A fara turarawa, a buɗe tagogi iska ta ratsa, sannan a shigo da fure. Manyan gonakin da ke fitar da fure, irin na gefen tafkin Naibasha a Kenya, sukan ba irin waɗannan furanni magani mai sinadarin azurfa, ko wata iska da ake kira 1-MCP, don toshe musu jin etilin tun daga gona. Ki tambayi mai kawo miki ko nasa kaneshan ya samu wannan. Bambancin yakan kai kwanaki.

Zafi kuwa duk abubuwan nan yake hanzartawa lokaci guda. Ƙa'idar da aka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin numfashin fure sau biyu ko uku. Daga digiri 5 na firji zuwa 35 na ranar bazara a Zariya hawa uku ke nan, wato aƙalla ninki takwas. Furen da ya yini a bayan mota cikin rana ya ci guzurin mako. Wannan ne ya sa wardi ya fi yin kyau a tsaunin Jos, inda tudun ya haura mita 1,200, kuma shi ya sa ya kamata ki roƙi a ɗoro miki kaya a motar asuba ko ta dare, a cikin mota, nesa da but da injin.

Firji yana taimako ga wardi, kaneshan, lili da kirisantimam, da sharuɗɗa. Babu 'ya'yan itace a ciki. Kada furen ya taɓa bangon baya, ƙanƙara takan ƙona shi. Firiza kuma sam. Sannan matsalar wuta: in firji yana sanyi yana hucewa, raɓa takan kwanta a kan furen, raɓa kuma ita ce ke kiran wata fumfuna mai ruwan toka da take fara wa wardi da ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa a ganyen waje, sannan kan ya ruɓe. Ɗaki mai duhu wanda sanyinsa bai canzawa ya fi firjin da wuta ke yi wa wasa. Furannin ƙasashen zafi, irin su anturiyam da helikoniya da yawancin okid, ba a kai su ƙasa da digiri 12 ko 13, baƙi suke yi. Inda babu wuta, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana aiki ga fure kamar yadda take yi wa tumatir: ki zaunar da bokitin a cikin babbar randa, ki rufa jiƙaƙƙen buhun algarara a kan wani abin tokare yadda ba zai taɓa furen ba. A rani take sanyi sosai, da damina ƙarfinta yakan ragu.

Kowane lokaci na shekara da irin tasa matsalar. Da hunturu sanyin dare yana taimaka miki, amma iskar a bushe take ƙwarai, tana zuƙe ganye fiye da yadda kara zai iya mayarwa. Ki rage ganye fiye da na kullum, ki lulluɓa siririyar leda sako-sako da dare, ki nisanta su da taga da fanka da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Da damina kuwa, musamman Agusta, fumfunar nan ce abin tsoro: kada ki fesa wa kan wardi ruwa, ki cire ledar da aka naɗo su, ki ba su tazara.

Akwai 'yan abubuwa na kowane iri. Lili, da zarar ya buɗe, ki tsinke 'yan sandunan nan masu jan gari. Suna ɓata leshi da shadda, kuma in garin ya zuba a tufa kada a goga da ruwa, da salatif ake ɗauke shi. Lili guba ne ga kyanwa, har ruwan kwalbarsa. Giladiyolas, furen nan mai dogon kara, a tsaye ake ajiye shi, in ya kwanta kansa yakan lanƙwashe sama cikin awanni kuma ba ya miƙewa. Koren soson nan na haɗa fure, Oasis, a ɗora shi a kan ruwa a bar shi ya nutse da kansa. In an danna shi, tsakiyarsa takan zauna a bushe, furen da aka soka a nan ya mutu da ƙishirwa. Ramin da aka zare kara kuma ba a sake sokawa a ciki.

In kina yanka daga lambu a nan gida, ko daga masu renon fure na Samaru da bakin hanya, tun ran gini ran zane. Ki yanka da sassafe kafin rana ta ɗaga, da bokitin ruwa a hannu. Wardi, lokacin da koren kwanson tohon ya saki baya kuma ganyen fure ɗaya ko biyu sun fara warwarewa. Giladiyolas, idan biyu ko uku na ƙasa sun nuna launi. Lili, idan tohon farko ya rine amma bai buɗe ba. Ziniya kuwa sai ta buɗe duka: ki kama karan ki ɗan girgiza, in wuyan yana lilo ba ta isa yanka ba.

Ga bikin Asabar a bazara, shawarata ki matso da wardi da kaneshan zuwa safiyar Juma'a, lili mai rufaffen toho kaɗai ya zo Laraba ko Alhamis don ya samu buɗewa. Su sha ruwa yinin Juma'a da darenta, ki haɗa su da asubahin Asabar, kuma su zama abu na ƙarshe da zai shiga zauren, bayan an gama turare, an kuma tabbatar hayaƙin janareta ba ta wajensu yake bi ba.